Inna, Har Yau Ban Yafe wa Autanki Ba

Zuwa ga mahaifiyata Inna, a makwancinta na gaskiya a Miga.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta 'ya ga uwa, a durƙushe, kai a sunkuye kamar yadda kika koya mini, tare da roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi, Ya sa kina cikin ni'ima. Baba Malam yana nan lafiya, sai ciwon gwiwa da ke sa shi salla a zaune wani lokacin. Takwararki, 'yata da muke kira Ummi, ta fara tafiya, kuma ba abin da ta bari a tsaye a gidan nan.

Bayan haka, na san ba a aika wa mamaci takarda. Na san idanun mutane ne za su karanta wannan, kuma da gangan na ajiye ta inda za su gani. Amma ke kaɗai nake iya yi wa maganar nan ba tare da na tauna harshe ba, ga shi da ma akwai tsohuwar gardama tsakanina da ke da ba mu ƙarasa ba. Magana ce a kan ran Autanki. Shi ya fara karantawa, ya ce in fitar da ita, amma ban da sunansa na yanka da na makarantarsu.

Kin tuna sunan da kika laƙaba mini? Uwar zato. In kaza ta ɓace a gida, kowa zai ce shaho ne, ni kuwa sai na zagaya bolar maƙwabta ina duba gashi. Sai ki harare ni ki ce, “Ke wannan, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.” Ban taɓa yarda ba, shiru kawai nake yi. Halin bai bar ni ba har gidan aure, Baban Ummi ma Sufeto yake ce mini.

Bari in fara daga abin da ba ki gani ba. Ranar da kika rasu Auta yana tsakiyar jarrabawa a nan Dutse. Kawu Sule ya ce kada a faɗa masa sai ya gama, kada a tayar masa da hankali, Baba Malam ya amince. Na ce a kira shi, jarrabawa tana dawowa, jana'izar uwa ba ta dawowa. Kawu ya ce, “Ke dai ba kya son zaman lafiya.” Aka rufe ki ba shi. Ya sauka daga mota da ledar dabino da man zafin da ya sayo miki, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida har an yi sadakar uku. Bai yi kuka ba. Mutane suka yi ta yabo, wai ka ga ɗan malam, ka ga tawakkali. Ni dai ina kallon yadda ya riƙe ledar nan har magariba bai ajiye ba.

Kin san a wurina yake zaune a Yalwawa, a ɗakin zaure, yana karatunsa na kimiyyar sinadarai. Bayan rasuwarki ya faɗi wasu darussa. Aikin binciken da ake yi a shekarar ƙarshe, wanda suke kira furojet, shi ma ya lalace, wai an ɗauke wuta kwana da kwanaki abin da ya ajiye a firji ya tashi daga aiki. Abokan karatunsa suka gama, suka tafi bautar ƙasa suna turo hotuna cikin kaki, shi aka ce ya maimaita shekara. A Miga kuwa tuni ɗaliban Baba Malam suke gaishe shi da “Farfesa”. Ko ni ba shi ya faɗa mini ba, a bakin abokinsa Nura na tsinci maganar, bayan na tsare yaron da tambaya a ƙofar gida.

Daga nan Auta ya fara sauyawa. Tuwo ya riƙa dawowa yadda na kai shi. Ya daina ƙwallon yamma. Ya daina tsokanata da cewa miyar kukata ba ta kama ƙafar taki ba, kuma wallahi wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Sai barci da rana tsaka, in ka yi masa magana ya amsa kamar daga cikin rijiya.

Me kike tsammani Uwar zato za ta fara zata? Shaye-shaye. Na shiga sansana rigunansa kafin wanki, ina lalube aljifai, ina leƙa bayan katifa in ya fita. Ban sami ƙwaya ba, ban sami kwalba ba. Abin da na samu shi ne mukulli guda biyu a ɗaure da igiyar takalmi. Da na tambaye shi bai ɓoye ba. Ya ce malamin da ke duba aikinsa, Dakta suke ce masa, shi ya ba shi: ɗaya na ɗakin gwaji, ɗaya na siton da ake ajiye sinadarai, don ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi ya sake aikinsa tunda ma'aikata ba sa zuwa. Ya ce haka ake yi, ana zaɓar ɗalibin da aka fi yarda da shi a ba shi. Ya yi wani ɗan murmushi ya ce, “Wai ni ne amintacce, Yaya.”

Sai na tuna da ke. Na tuna ɗan ɗakin nan na bayan rumbu inda ake ajiye maganin feshin gona, da mukullinsa da ba ya rabuwa da bakin zaninki. Ko Baba Malam ne zai ɗauka sai kin taso kin buɗe da kanki, kin tsaya har a gama, kin mayar kin kulle. Na taɓa ce miki wane ɓarawo ne zai tsallake awaki ya zo satar maganin feshi, kika ce, “Ba don ɓarawo nake kullewa ba, don na gida nake kullewa.” To Inna, wannan ba zato ba ne? Na riƙe miki wannan tun ina yarinya, yau na sami wurin fito da shi.

Sai dai a lokacin tunanina bai kai inda naki ya kai ba. Ni sata na zata. Na ce lallai yaron nan ɗibar kayan makaranta yake yi yana sayar wa masu haɗa man bilicin a kasuwa, shi ya sa ba ya iya haɗa ido da ni. Na zuba ido in ga sabon takalmi ko sabuwar waya. Ba abin da ya shigo ɗakinsa. Fita ma kaya suka fara yi.

Tattabarunsa ya fara bayarwa. Tattabarun nan da ya taso da su tun daga Miga a cikin kwali, waɗanda kika sha faɗa a kan kashinsu, ya kwashe su duka ya kai wa Malam Iro mai faci, maƙwabcinmu. Littattafansa ya ba Nura. Takalmin ƙwallo ya bi bayansu. Dutsen gugata da ya yi shekara a ɗakinsa ina tambaya yana cewa gobe, sai ga shi a ƙofar ɗakina an nannaɗe wayarsa tsaf.

Kuma, Inna, sai ya warke. Haka kowa ya ce. Ya fara cinye tuwo, ya fara dariya, ya ɗauki Ummi a kafaɗa yana zagaya tsakar gida. Baban Ummi ya ce, “To Sufeto, sai a rufe fayil, yaro ya dawo.” Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Ruwa ba ya tsami banza, haka kuma ba ya komawa garau banza. Mutum ya yi wata da watanni ɗauke da kaya a ƙirji, rana ɗaya ki gan shi sakayau, ba sakamako aka kafe ba, ba furojet ya kammala ba, ba albishir aka yi masa ba. A ina ya sauke kayan? Wannan tambaya ta hana ni sakewa, amma ban san wa zan yi wa ita ba.

Abin da ya rufe wa kowa ido shi ne watan Sha'aban muke ciki. Kin san yadda ake yi in azumi ya gabato, yanzu ma abin ya ƙaru da zuwan waya: kowa na tura wa kowa saƙon a yafe masa, har waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba. Auta bai tura saƙo ba, mota ya hau. Ya je Miga ya bi gida-gida. Ya durƙusa gaban Kawu Sule. Ya tsaya a Jahun wurin Gwaggo. Ya je maƙabarta ya daɗe a kanki. Duk inda ya nemi yafiya amsar ɗaya ce, wadda kowa ya haddace: ba ka yi mana komai ba, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Baba Malam har kirana ya yi a waya, muryarsa cike da farin ciki, ya ce, “Yaron nan ya natsu. Boko bai ɓata mana shi ba.”

Da ya dawo ya same ni a kan keken ɗinki, ɗinkin salla ya fara taruwa. Ya tsuguna ya ce, “Yaya, ki yafe mini duk abin da na yi miki.” Ni kuwa raina yana kan kayan makarantar da nake zaton ya sayar. Ko ɗagowa ban yi ba na ce, “Me ka yi? Faɗi tukuna. Ni ba na yafiya a kan sari, ɗai-ɗai nake yi.” Ya yi dariya ya tashi. Baban Ummi ya ji, ya yi mini tas, ya ce wannan ba hali ba ne, Allah ma da Ya halicce mu ana roƙonsa Ya yafe ba tare da an jero masa ba. Na ce na ji. Amma ban kira Auta na gyara ba, taurin kan da kika sani ya hana.

Ranar Asabar da safe ya ce zai je makaranta. Auta in zai je ɗakin gwaji tsohon wando yake sawa, da farar rigar aikinsu a rataye a hannu, da jaka. Ranar nan ya yi wanka ya sa farar shaddar da na ɗinka masa da babbar salla. Ba rigar aiki, ba jaka. Wayarsa na hango a kan taga, shi da ko banɗaki da ita yake shiga. Ya shanye kokonsa, ya rungume Ummi ya daɗe har ta fara mutsu-mutsu. Ya yi sallama ya nufi zaure. Na ji ƙarar buɗe ƙofar gida, na kasa kunne in ji an rufe, ban ji ba.

Sai ga shi ya dawo. Ya tsaya a bakin ɗakina, hannunsa ɗaya a aljihu, ya ce a hankali, “Yaya, ke kaɗai kika rage.”

Inna, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Tattabaru, dutsen guga, kabarinki, farar shadda, waya a kan taga, da hannun nan da ke cikin aljihu inda na san mukullai suke, duk suka haɗu a kaina lokaci guda. Ƙafata ta sauka daga kan keke da kanta. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko ranar da aka ce kin cika.

Na ce, “Ban yafe ba.” Na tashi na zagaya shi na tsaya tsakaninsa da zaure. Sannan na faɗi kalmar da ba a faɗa a gidanmu sai a wa'azi, a kan wasu mutane na nesa. Na ce, “Auta, dubi idona. Kashe kanka za ka je ka yi?”

Na so ya yi fushi. Na so ya ce a'uzubillahi, Yaya, kin fara ko, ya kira ni Uwar zato ya fice. Da na fi kowa murna. Bai musa ba. Ya jingina da bango ya sulale ƙasa, shaddar nan a cikin ƙura, ya fashe da kukan da ya riƙe tun ranar ledar dabino. Abin da na iya tsinta a cikin kukan shi ne, “Na gaji, Yaya. Kowa Farfesa yake jira. Ni ko Inna ban binne ba.”

Na miƙa hannu, ya zaro mukullan ya sa mini. Na ƙulle su a bakin zanina, irin ƙullin nan naki mai ninki biyu. Ban tambaye shi wace kwalba ya nufa ba, ko da na sani ma ba zan rubuta a nan ba. Ban yi masa wa'azin wuta ba, ya fi ni sanin ayoyin, a gaban Baba Malam ya haddace su. Zama na yi a ƙasa kusa da shi na riƙe masa hannu, da ɗaya hannun na kira Baban Ummi na ce ya bar duk abin da yake yi ya zo. Ya zo ya gan mu a haka. Ranar bai ce mini Sufeto ba, adaidaita ya fita ya tsayar.

A asibiti aka haɗa mu da likitan da ke duba masu irin wannan lalura. Ya daɗe da Auta su biyu, sannan ya kira ni. Ya ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani kuma ana warkewa, ba rashin imani ba ne. Ya ce kada a bar shi shi kaɗai a kwanakin nan, a nisanta shi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a riƙa kawo shi ana zantawa. Na tambaye shi abin da ke cina, ko tambayar da na yi wa yaron kai tsaye za ta iya cusa masa tunanin. Ya ce a'a, tambaya ba ta shuka abin da babu, wanda ke ciki kuwa sauƙi yake ji in an tambaye shi.

Dangi kuma kin san su. Gwaggo ta ce hannu aka sa masa, abokan karatu ne masu baƙin ciki, har ta fara lissafa waɗanda take zargi. Kin ji masu zato na gaskiya, amma ni aka sa wa suna. Kawu Sule ya ce a rufe maganar, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ta fita wa zai ba shi mata, kuma gidan malamai ne. Na ce, “Irin rufewar da aka yi masa ranar rasuwar Inna?” Na san na yi wa babba tsaurin ido. Har yau gaisuwata da ƙyar yake amsawa, kuma ban janye ba.

Baba Malam ne na fi jin tsoro. Ya hau motar haya da gwiwar nan tasa ya zo Dutse. Ya shiga ɗakin zaure ya zauna a gefen katifa, ni ina bakin ƙofa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “Ni ne fa na ce ka natsu.” Daga nan ya shiga ba shi labarin ranarki ta ƙarshe: abin da kika sha, addu'ar da kika yi, yadda kika tambaya ko Auta ya gama jarrabawa, waɗanda suka ɗauki makara, wanda ya shiga kabari. Ashe duk tsawon lokacin nan ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa. Da zai tafi ya ce a sha rubutu, a kuma sha maganin likita, kada a bar ko ɗaya. Har yanzu bai iya kiran abin da sunansa ba, “abin nan” yake cewa, ni kuma ban matsa masa ba.

Da mako ya kewayo muka je makarantar ni da Baban Ummi, na kwance mukullan a gaban Dakta. Ba mugun mutum ba ne, Inna, ban zo in ɓata shi ba. Da ya ji bayani sai da ya nemi kujera. Ya yi ta salati, yana cewa, “Hajiya, wallahi shi ne yaron da na fi yarda da shi. Ko tsinke bai taɓa ɓata a hannunsa ba.” A nan na gane inda gizo ke saƙar. Su ɓarawo suke tsoro. In za su ba yaro mukulli, abin da suke dubawa shi ne ko zai saci kaya, ko zai fasa, ko zai bar ƙofa a buɗe. Yaro shiru-shiru, ɗan gidan malamai, wanda ba ya hayaniya, shi ne zaɓinsu. Ba wanda ya ga ya rame. Ba wanda ya ce, wannan da uwarsa ta rasu, abokansa suka tafi suka bar shi, lafiya kuwa zai riƙa wuni shi kaɗai a cikin kwalaben nan?

Na leƙa siton da idona. Kantoci ne har sama, kwalabe manya da ƙanana, wasu da hoton ƙoƙon kai a jikinsu. Na faɗa wa Dakta maganarki ta ɗakin bayan rumbu. Ya gyaɗa kai, ya ce daga yau ba ɗalibin da zai sake shiga shi kaɗai, sai da ma'aikaci a tsaye. Na ji daɗi. Sai kuma da muka miƙe ya rage murya ya ce don Allah a bar maganar a ofishin nan, saboda sunan sashe. Daga jin haka na ce a raina, to, za mu gani.

Mun kuwa gani. Bayan salla na sake tsare Nura a ƙofar gida. Ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya ce mukullan suna hannun wata ɗaliba 'yar wajen Haɗeja, ita ma furojet ɗinta ya tsaya, ita ma Asabar take zuwa tunda ma'aikata ba sa zuwa. Ya ce ai ba ta da matsala, shiru-shiru ce, kowa ya yarda da ita.

Ban san yarinyar nan ba. Mai yiwuwa lafiyarta ƙalau, mai yiwuwa ta fi ni kwanciyar hankali, Allah Ya sa haka ne. Amma wa ya tambaye ta? Na koma ofishin, aka ce Dakta ya yi tafiya. Na bar saƙo, shiru. Shi ya sa na zauna na rubuto miki a bainar jama'a, ko wani malami mai mukulli a aljihu, a wannan makaranta ko wata, zai ji abin da wata tsohuwa a Miga da ba ta taɓa shiga aji ba take yi da mukullin maganin feshi. Ko kuma wata yayar, in ƙaninta ya zo neman yafiyar da ta wuce ta azumi, ta ɗaga kai daga abin da take yi ta dube shi. Na san za a ce na tona asirin gida. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na shirya.

Ga labarin Autanki yanzu. Ya koma makaranta, ranakun aiki kawai yake shiga ɗakin gwaji, kuma tare da mutane. Maganinsa a hannuna yake, ni nake ba shi. Akwai ranakun da yake tashi da nauyi, ba zan yi miki ƙarya ba, amma yanzu yana faɗa, ya ce Yaya yau ba daɗi, sai in ajiye ɗinki mu zauna. Tattabarun ma sun ƙi zama gidan Malam Iro, kullum sai sun dawo kan rufin zaure, har mutumin ya gaji ya ce a zo a kwashe akurkin. Shekaranjiya ya ɗanɗana miyata ya ce har yanzu da saura. Na ɗaga ludayi zan kai masa duka, sai hawaye ya zubo mini.

Ni kuma ban sauya ba. In ya yi shiru in zarge shi, in ya cika dariya in zarge shi. Har cewa yake, “Haba Yaya, ki bar ni in yi dariyata mana.” Sai in ce yi abarka, ina nan ina kallo.

Ranar ƙaramar salla, da aka sauko daga idi, ya zo ya tsuguna ya gaishe ni. Na dube shi cikin shaddar nan dai, wadda na wanke na goge da hannuna, zuciyata ta karye. Na ce bari in ba shi abin da ya roƙa tun Sha'aban, da ma ba abin da ya yi mini, baki kawai na kulle. Na buɗe baki na ce, “Auta, maganar yafiyar nan…” Sai ya ɗaga hannu da sauri. Ya ce, “A'a, Yaya. Ajiye ta a wurinki. In na yi furfura na zo na karɓa.”

To ina riƙe da ita, Inna. Kowa ya ba shi tasa ya sallame shi, tawa ce ta dawo da shi daga bakin ƙofa, kuma ba zan sake ta ba sai na ga furfurar da idona. In zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, wannan guda ɗaya zan taho da shi, in mun haɗu ki yi mini faɗan. Amma ina jin da kina tsakar gidan nan ranar Asabar ɗin, da kin riga ni miƙa hannu.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ba Autanki lafiya da tsawon rai, Ya sanyaya masa zuciya, Ya nuna mini ranar da zai zo da sanda yana neman ajiyarsa. Allah Ya tsare yarinyar nan ta Haɗeja da duk ɗan da ke ɗauke da abin da ya kasa faɗa, Ya haɗa kowannensu da mai tambayarsa. Amin.

Wassalam. Daga 'yarki ta fari, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta har kika koma ga Allah,

Rabi,
Yalwawa, Dutse.